Turmi da Taɓaryar Ɗan Gwaggo

Ɗan Gwaggo, bawana na gado, ina gajiyar biki? Don al'ada kawai na tambaya. Wace gajiya mutum zai yi alhali kayan sana'arsa kaf sun shige jaka biyu da ɗan akwati ɗaya? Mu da muka yi ta jan waya, muka hau bishiyar mangwaro da manyan riguna, mu ya kamata a yi wa sannu.

Na san na yi maka alkawari a gaban Gwaggo cewa abin da ya faru a Tsohon Birnin Gwari ba zai fito daga bakina ba. Ina nan a kan bakana. Da hannu nake rubutawa.

Masu karatu ba su san ka ba, kuma ba su yi asarar komai ba, amma bari in gabatar da kai. Jama'a, wannan bawan Allah ɗan ƙanwar mahaifina ne. Shekara goma sha biyar ke nan yana ba da hayar kayan sauti a ƙasar Birnin Gwari, daga Kuyello zuwa Kakangi, daga Randagi zuwa Dogon Dawa. Biki, suna, saukar karatu, taron siyasa, har wasan ƙarshe na ƙwallon unguwa, duk shi ake kira, don babu wani. Da can yana da baƙaƙen akwatuna shida, kowanne ya kai durowar amarya, sai an nemo a-kori-kura da ƙarti huɗu kafin su motsa. Yana da ampilifaya mai yawan zazzaɓi, wadda sai an zaunar da yaro da faifai yana yi mata fifita. Wayoyinsa kuwa duk taku biyu akwai gaɓa ɗaure da baƙar leda. In ya kunna, ba ka tsintar ko kalma ɗaya daga bakin mawaƙi, amma ƙirjinka zai yi ta rawa, kwanon rufi ya yi ta amshi, kaji su bar unguwa. Kuma jama'a haka suke son abinsu.

Sai bana aka yi kaka, masara ta yi kyau, kuɗi suka shigo hannu. Nan ne wayar salula ta nuna maka wani Bature shi kaɗai da gitarsa a wani ɗan gidan shan shayi, da wata siririyar lasifika tsaye a bayansa kamar dogari. Ko ƙarshen bidiyon ba ka kalla ba. Ka sayar da akwatunan nan shida, ka ɗora da buhun masara ashirin, ka hau mota sai Kano. Bakano ya dube ka daga hula zuwa takalmi, ya ga ƙurar hanya, ya ga aljihu a kumbure, ya miƙo maka kujera da ruwan sanyi. Sauran labarin kowa ya san shi.

Abin da ka dawo da shi: ɗan akwati guda mai hannu a ka, da sanduna uku baƙaƙe da ake cusa wata a kan wata su tsaya a bisansa. Sunan da ke rubuce a jiki na yi ta juya shi, ban taɓa jin sa a duniya ba, kuma ina kyautata zaton wanda ya rubuta shi ma bai sake ji ba.

Gaskiya ɗaya zan ba ka tun yanzu, kada ka ce ban yi adalci ba. Jigilar akwatunan nan azaba ce. A 1974 wasu mawaƙan Amurka da ake kira Grateful Dead sun gina bango guda na lasifika kusan 600 a bayansu, sauti ya yi kyau yadda suke so, amma kafin shekarar ta ƙare ɗawainiyar lodi da saukewa ta sa sun haƙura da shi. Su ke nan da tireloli da kwalta mai santsi. Kai kuwa hanyar Funtuwa ce a gabanka, da mota mai tari, a ƙasar da kowane direba ke fatan kada taya ta yi faci a tsakiyar daji. Kayan da za su hau babur ɗaya ni'ima ne. A nan na fahimce ka. A nan kuma fahimtar ta tsaya.

Don ko hawa babur ɗin sai da ka mai da shi abin kallo. Ina bayanka a mota, da idona na gani. Mutum ya rataya doguwar baƙar jaka a baya, ta zarce kansa da kamu guda, wata kuma a gicciye a kan tanki, ya rufe fuska da rawani saboda ƙura, ya tunkari shingen jami'an tsaro a kan hanyar Tsohon Birnin Gwari da gudu. Wallahi ko ni ne a shingen nan sai na gyara tsayuwa. Aka ce ka sauka. Aka ce ka ajiye jakar a hankali. Aka ce ka ja da baya, hannu sama. Mutanen nan aikinsu suke yi, kuma da ladabi suka yi shi. Kai ne ka riƙa cewa, “Lasifika ce, ranka ya daɗe, lasifika ce,” da muryar da ban taɓa sanin kana da ita ba, siririya kamar ta amarya a ranar buɗar kai. Da aka zuge jakar aka ga baƙaƙen bututu masu raga, babbansu ya ce to, in lasifika ce ta yi magana. Ka harhaɗa ta a bakin titi hannu na ɓari, ka haɗa da wayarka, ka latsa abin da ya fara zuwa. Sai ga muryar uwargida tangaran, saƙon da ta turo da safe, tana tambayar ina kuɗin cefanen da ka ce ka bari a ƙarƙashin filo. Kowace kalma ta fita fes, har mai sayar da rake a tsallaken titi ya ji adadin kuɗin. Jami'an suka ce ka wuce, Allah ya ba da haƙuri.

Da ka natsu a wurin nan, da ka gane abin da na'urar ta iya. Magana ta iya. Ba ka gane ba.

Auren autar Gwaggo ne, kuma shi ne taro na farko da gidan ya yi tun da ta dawo daga ɗakin hayar da ta yi shekara huɗu a ciki a Rigasa, can Kaduna. Don haka dangi sun zo har waɗanda aka ɗauka sun manta hanya. Aka share filin ƙofar gida, aka jera benci da kujerun roba. Ka zo ka dasa abinka a tsakiyar fili, ka koma gefe ka harɗe hannu kana jiran yabo. Wata tsohuwa da ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce, “Wace marar tarbiyya ce ta bar taɓarya tsaye a cikin turmi a gaban maza?” Daga ranar sunan ya bi ta. Yau ko yaran garin ka tambaya, turmi da taɓarya suka sani.

Makaɗan daga Funtuwa aka ɗauko su, garin da Mamman Shata ya zauna, garin Barmani Choge, mutanen da ba a koya musu yadda ake cika fili. Su bakwai: mawaƙi, masu kalangu biyu, mai kurkutu, 'yan amshi biyu, da sanƙira mai baki kamar reza. Ubangidansu ya gaishe ka, ya ce, “Malam, ina kayan?” Ka nuna masa. Ya duba, ya duba bayansa, ya sake dubanka. Ya ce, “A'a, kayan nake nufi.”

Bari in yi maka gwari-gwari, tunda a ƙasar Gwari muke, kuma takardar bayanin da ta zo a kwalin na ga an naɗe ƙosai da ita.

Akwati irin naka na da, sauti na fita daga bakinsa ne kamar hayaƙin ɗanyen itace, ya bazu duk inda ya ga dama. Wani ya tafi sama, wani ya daki ƙasa, wani ya bugi bango ya dawo. Duk lokacin da ka ninka nisanka da akwatin, ƙarfin sautin na raguwa da desibel 6. Shi ya sa kafin na bencin baya ya ji, na bencin gaba ya kurmance. Ita taɓarya kuwa ƙananan lasifikoki ne a cikinta, kowace ba ta fi bakin kofin shayi ba, an jera su wata bisa wata. Da yake tare suke motsawa, abin da ya nufi sama ko ƙasa sai ya riƙa cin junansa, abin da ya nufi gaba ya riƙa ƙarfafa juna. Sai sautin ya fita a shimfiɗe kamar tabarma, ya buɗe dama da hagu sosai, bai cika tashi sama ba. A kusa da ita, in ka ninka nisa, wajen desibel 3 kacal ake rasawa, don haka na gaba da na baya kusan abu ɗaya suke ji. Sai dai alherin yana da iyaka. Iya tsawon sanda, iya nisan da take riƙe sautin. Da an wuce nan ta zama kamar kowace lasifika, ƙarama ma kuwa.

Akwai kuma abin da ba ta iya riƙewa ko a kusa. Sauti na gudun mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Ƙugin babbar ganga mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa guda ya kusa mita uku da rabi. Taɓaryarka da duk gaɓoɓinta da ƙyar ta kai mita biyu. Ta yaya za ta juya abin da ya fi ta tsawo? Amma kaifin muryar mutum, wato abin da ke raba “tsaya” da “saya” a kunne, yana can sama, wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000, inda zango bai kai taƙi ɗaya ba. Wannan shi take sarrafawa yadda take so. Bes aikin turmi ne, shi kuma turminka lasifika ɗaya ce a cikinsa, ba ta fi farantin tuwon yaro ba.

Kada ma ka ɗauka sabon abu ka sayo. Tun a farkon shekarun 1950 injiniyoyi suka kafa dogayen lasifikoki irin wannan a majami'ar St Paul da ke Landan, ginin da in ka yi tari sai amsa-kuwwa ta yi sama da daƙiƙa 10 tana yawo. Abin da suke nema shi ne a ji mai wa'azi a rarrabe kalmominsa. A 2003 kamfanin Bose na Amurka ya fito da wata mai suna L1 don mawaƙa, da ƙananan lasifikoki 24 a jikinta. Dabarar masu ita ita ce kowane makaɗi ya sami tasa a bayansa, ya ji daidai abin da 'yan kallo ke ji, ya san da kansa in ya yi yawa. Daga baya su JBL da Yamaha da Electro-Voice kowa ya yi irin tasa. Ka ji ko? Kowane makaɗi da tasa, a cikin ɗaki. Kai ka kawo guda ɗaya wa mutum bakwai, a fili, iskar hunturu na kaɗawa. Na leƙa ta ragar taka na ƙirga lasifika shida, kuma har yanzu ina zargin biyu daga ciki zane ne.

Duk da haka da ta ɗan taɓuka, ba don kai ba.

Gaɓar tsakiya, wadda aikinta kawai ta ɗaga sauran sama, ka cire ta ka mayar jaka, wai kada iska ta kayar maka da dukiya. Sai bakin lasifikar ya dawo daidai ƙirjin mutum. Muddin jama'a na zaune, lafiya lau. Da aka fara liƙi, alhazai goma suka miƙe suka kewaye mawaƙi, kowanne da shadda yadi goma a jiki. Babbar riga kuwa shan sauti take kamar yadda soso ke shan ruwa. Mu da ke baya muna ganin bakin mawaƙi na motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, amma sai ka ce a talabijin ɗin da aka kashe wa murya.

Ramukan makirfo uku ne a bayan turmin. Ka ba kalangu biyu. Kalangu! Abin da tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro lantarki mahauta ke kiran gari da shi zuwa mahauta. Kalangun da in aka matse tsarkiyarsa a hammata ana jin sa a gonar da ke bayan gari. Shi ka ga yana bukatar taimako. Makirfo ɗaya da ya rage aka bar wa mawaƙi da 'yan amshi da sanƙira, suna ta fizgar sa kamar ƙashi a tsakanin karnuka. Da ya faɗa hannun sanƙira, ya dunƙule kansa da tafinsa, ya je ya tsaya fuska da fuska da taɓarya zai wasa wani ɗan kasuwar hatsi. Abin da ya fita daga lasifika ya koma makirfo, ya sake fita, ya sake komawa. Ihun da ta yi, jariri uku suka farka, jakin mai ruwa ya tsinke igiya. Kai kuma maganinka ɗaya ne a duniya, murɗa komai zuwa ƙarshe. Jar fitila ta kama, na'urar ta riƙa danne sautin da kanta don kada ta ƙone, kana ƙarawa tana ragewa, kamar cinikin Bakano. Kafin la'asar sakaliya batir ya ce ga garinku.

A nan ne aka tura yaro kasuwa wajen mai maganin gargajiya, aka aro ƙahonsa na Ahuja da batirin mota. Ni da ƙanen ango muka hau mangwaro muka ɗaure shi da igiyar guga. Tsohon ƙaho, ya lotsa a gefe, muryarsa kamar ana magana ta cikin gwangwani. Da mawaƙi ya buɗe baki, sauti ya tsallake fili, ya tsallake gidaje, ya wuce tsofaffin ramukan zinare da ake tona tun zamanin Turawa, ya shiga daji. Mata suka rangaɗa guɗa. Wani dattijo kusa da ni ya gyara hula ya ce, “Yawwa. Yanzu aka fara biki.”

Na yi dariya a lokacin. Da na kwanta da dare maganar ta dawo mini, dariyar ta ragu.

Kai ka fi ni sanin abin da ƙasar nan ta gani, don ni ina Kaduna, kai kana ciki. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, wanda ya miƙe har ya haɗe da Kuyambana ta Zamfara, muna yara labarin giwaye muke ji a cikinsa. Daga baya ya zama wurin da ba a son ya ji motsinka. Ka tuna ƙarshen Satumban 2021, da aka katse layukan waya, aka hana hawa babur, bayan an riga an dakatar da kasuwannin mako? Ka tuna auren da aka riƙa ɗaurawa bayan sallar asuba, mutum bakwai da goro a leda, a kai amarya da rana tsaka ba guɗa ba ganga, don taro na nufin akwai kuɗi a gidan, kuma kiɗa na gaya wa na nesa inda taron yake? Akwatunanka shida sun fi shekara biyu gizo-gizo na saƙa a cikinsu, kana sayar da fetur a kwalba. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan ta yi kusan shekara goma a rufe, motoci suka dawo hanya, aka koma gonakin da aka bari. Zaman lafiyar nan kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai, kuma har gobe ana tashi daga fili kafin duhu. Amma mutumin da ya yi shekaru yana aurar da 'ya'yansa da raɗa, ranar da ya samu sarari so yake ƙauyen da ke gaba su ji, su san gidan nan da mutane. Kai kuma sai ka kawo masa na'urar da gwanintarta ita ce ta tsare sauti a kan waɗanda ke wurin, kada ya yi yawo. Da a 2021 ka sayo ta, da ka yi kuɗi. Kullum a makare kake, Ɗan Gwaggo. Gwaggo ta ce ko haihuwarka sai da ka ƙara kwana goma sha biyu.

To, yanzu ga ɓangaren da ya sa na daɗe ban yi rubutun nan ba, don ba na son abin da zai faranta maka.

Bayan isha, sanyi ya sauko, 'yan Funtuwa sun tafi masauki, aka koma zauren gidan. Ka san zauren: ginin ƙasa da shafen siminti, rufin kwano ba silin, mutum arba'in in an matsu. A nan ne ka taɓa kunna akwatunanka ranar sunan ɗanka na fari, kwano ya yi ta kururuwa, ƙadangare ya faɗo cikin kunun liman. Akwai wani tsoho mai gurmi da ya zo tun safe ba wanda ya kula shi, ya yini a gindin katanga da abinsa a cinya. Gurmi tsarkiya biyu gare shi, irin kiɗan da Haruna Uji ya yi suna da shi, kuma ba ya gasa da hayaniya. Muryar tsohon ma ta tafi, saura kaɗan.

Kana can kana rigima da mai maganin gargajiya a kan kuɗin batir, sai ɗanka, wannan na aji uku a sakandare, ya ɗauko turmi da taɓarya ya shigo da su. Shi ya kalli bidiyon har ƙarshe. Ya zaro gaɓar tsakiya daga jaka ya mayar, bakin lasifika ya haura kan na zaune da na tsugune. Ya jawo waya daga ƙaramin janareton da aka kai bayan gida don kada ƙararsa ta shigo. Ya ajiye na'urar a bayan tsohon, ɗan gefe kaɗan, ba ta kallon makirfo. Makirfo ɗaya a bakin tsoho, tazarar yatsu uku. Ɗaya a gaban ƙoƙon gurmi. Wani saurayi ya ɗauko kalangu zai raka, yaron ya ce masa a hankali, kuma bai ba shi makirfo ba. Bes ya rage shi, ƙarfin sauti ko rabi bai kai ba.

Ina zaune a bakin ƙofa, can ƙarshe. Na ji ƙarar farcen tsohon a kan tsarkiya. Na ji inda yake jan numfashi. Kwano bai ce uffan ba, don ba a aika masa komai ba. Wanda ke gaban tsohon bai toshe kunne ba, ni ma ban miƙa wuya ba. Ya fara jero mutanen garin na da, masu gonaki da maƙera da fatake, wane ɗan wane, wanda ya haƙa rijiya kaza, wanda ya yi noman da aka kwana uku ana ɗauka. Zauren ya yi tsit, sai wani ya ce “Allah ya jiƙansa” in an zo kan nasa. Da ya iso kan kakanmu, ya faɗi sunansa da laƙabinsa da sunan fadamar da yake nomawa, sai muka ji motsi a bayan ƙofar cikin gida. Ashe Gwaggo na nan tsaye da matan gida tun ɗazu. Kunnenta ɗaya ya daina aiki tun tuni, amma ta ji sunan ubanta sarai. Ba ta ce komai ba. Ta aiko yarinya da turmin atamfa sabo dal a ba tsohon. Turminka dai ya jawo turmi, ko da yake ba kai ka samu ba.

Kai kuma ka shigo a tsakiyar abin, ka tsaya kana kallon jama'a kana gyaɗa kai kamar kai ka tsara. Har ka kai hannu za ka ƙara murya, yaron ya buge hannun. Allah ya yi masa albarka. Jinin kawunsa ne ya yi rinjaye.

Saboda haka ga hukuncina, kuma hukuncin ubangida ba a ɗaukaka ƙara. Na'urar ba ta da laifi. A zaure, a ajin Islamiyya ranar sauka, a ɗakin taro na mutum hamsin ko ɗari, wajen mai gurmi ko mai kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, wajen mai fiyano da mawaƙi ɗaya, wajen matan amada in an sa makirfo a bakin zabiya aka ƙyale ƙwarya ta ji da kanta, ban ga abin da ya kai ta ba a duk kayan da ka taɓa mallaka. Fili kuwa, da kalangu da liƙi da iska, ka koma wajen wanda ka sayar wa akwatunanka ka roƙe shi ya sayar maka da biyu. Na ji an ce ya ninka kuɗin. Ka biya, ladan rashin shawara ne. Ka kuma sayi ƙaho naka na kanka, mai magani ya ce ba zai sake ba ka aro ba. Jakar nan kuma a ɗinka mata riga mai launi, ja ko ruwan ɗorawa, a rubuta LASIFIKA da manyan baƙaƙe gaba da baya.

Saura maganar kuɗin shara da kake ta aiko mini a kai, wai Cika-ciki uku ban ba ka ba. Na ji, ni ne ubangida, a kaina yake. Amma yaushe ka taɓa share mini ko ƙofar gida? Duk da haka ba zan ci haƙƙin bawa ba. Bayan Babbar Sallah zan aurar da 'yarka ta wajena, za a yi walima a wani ɗan ɗakin taro a Kaduna, mutum tamanin, rufin kwano. Na riga na aika wa tsoho mai gurmi kuɗin mota. A turo mini turmi da taɓarya da gaɓoɓinta uku cif, a haɗo da yaron. Kuɗin haya na cire su daga kuɗin sharar, na lissafa, kai ne ma za ka ciko. In ka ga dama ka zo, akwai kujera a baya, nesa da maɓallan.

Ka gaishe mini da Gwaggo. Ka kuma duba ƙarƙashin filon nan da kyau, uwargida ta ce har yau ba ta ga komai ba.